Tayar hunturu ga X5: in sayi wili daban da sensa, ko taya kawai?

Baban_Nana_Ottawa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Kanada. A watan Yuni na sayi BMW X5 ta 2021, ta hannu. Ta zo da wili inci 21, na baya ya fi na gaba faɗi: gaba 275/40R21, baya 315/35R21, kuma tayoyin duka na zafi ne. To ga Oktoba ta kama, sanyin safiya ya fara cizo. Na je wurin dila ya lissafa min taya huɗu, wili huɗu, da sensar iska huɗu, kuɗin da ya kira ba kaɗan ba ne. Abin da nake son sani: dole ne sai na sayi wili daban, ko zan iya sa tayar hunturu a kan wanda nake da shi? In zan saya, inci nawa? Sannan sensar nan ta zama wajibi? Uwargida ce ke kai yara makaranta da motar kullum, don haka ba na son kasada.

Zango_Toronto:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, motarka fa da ƙafa huɗu take ja. Ni na daɗe ina tuƙa jif a Toronto da tayar da ake cewa ta duk shekara, ban taɓa maƙalewa ba. Masu sayar da taya ne ke tsorata mutane. Ka yi tuƙi a hankali kawai.

Hajiya_Winnipeg:
Zango, don Allah kada ka ba bawan Allah wannan shawarar, yara ake ɗauka a motar. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi ne, ba ya taimaka maka ka tsaya. Kowace mota da ƙafa huɗu take taka birki, ƙarama da babba, kuma babbar ta fi nauyi. A nan garin, in sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, gishirin da ake zubawa ba ya narkar da komai, bakin danja sai ya zama kamar an goge shi saboda yawan birki da tashi. Da idona na ga jif sabuwa fil ta taho a hankali, direban ya taka birki, ƙafafun suna karkarwa, motar tana ta tafiya abinta har ta shige tsakiyar mahaɗa. Allah ne ya tsare babu mai zuwa. Kuma ka sake karanta abin da ya rubuta: tayarsa ta zafi ce, ba ma irin taka ba.

Zango_Toronto:
Hajiya, na yarda ban lura da wannan ba, tayar zafi kam ba ta shiga dusar ƙanƙara. Amma har yanzu ina ganin ba sai ya tara taya takwas a gida ba. Akwai irin su Michelin CrossClimate 2, suna da tambarin hunturu kuma ba a cire su da bazara.

Bakanike_Calgary:
Salam. Sana'ata ke nan, bari in ɗan yi bayani. Abin da ya raba tayar hunturu da sauran ba zanen kawai ba ne, robar ce. Daga sanyi ya sauko wajen digiri 7, robar tayar zafi ta fara ƙanƙamewa, kamar yadda man kaɗanya ke daskarewa a kwalba da sanyin Janairu a gida. In ta ƙanƙame ba ta kama kwalta, ko da kuwa titin a bushe yake. Ta hunturu an haɗa ta ne don ta zauna da laushi, kuma in ka duba za ka ga kowane ƙullin zanenta an tsattsaga shi da ƙananan layuka, su ne ke cizon ƙanƙara. Tambarin da za ka nema a gefen taya shi ne dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba, don ba a yi wa tayar gwajin dusar ƙanƙara kafin a buga su.

Maganar wili, Baban Nana, ni dai shawarata ka sayi daban, kuma duka huɗun girma ɗaya. Tayar baya mai faɗin 315 a kan dusar ƙanƙara hawa take yi tana yawo, siririya ita ce ke yanka ta ta taɓo ƙasa. Ga shi kuma a inci 21 tayar hunturu tsada gare ta, zaɓin kaɗan ne. Sannan cire taya da mayarwa a wili ɗaya sau biyu a shekara yana cin bakin tayar, yana ƙarce wilin, ga kuɗin aiki da na balansi kowane zuwa. In huɗun girmansu ɗaya, kana iya juya na gaba zuwa baya duk shekara su cinye tare.

Abin da Zango ya kawo ba ƙarya ba ne, irin wannan tayar ta dace da Vancouver ko tsakiyar Toronto. Ottawa wani gari ne daban.

BaDamagare_Montreal:
Malam Baban Nana, kai da kake Ottawa, bakin iyakar lardin Ontario da na Quebec, ka sani a Quebec tayar hunturu doka ce. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ƙafa huɗu su kasance da tayar hunturu, tarar dala 200 zuwa 300 ce. Ka tsallaka gada ka shiga Gatineau da tayar zafi, 'yan sanda na iya tsayar da kai.

Malam_Gatineau:
Ranakun da kuɗin tarar daidai ne, BaDamagare, amma akwai gyara. Dokar tana kan motocin da aka yi wa rajista a Quebec ne. Mai lambar Ontario da ya shigo aiki ko ziyara ba ta hau kansa ba. Ni a nan nake zaune, maƙwabtana na wurin aiki rabi daga Ottawa suke zuwa. Sai dai ruwan da ke sauka ya daskare a kan titi bai san lambar mota ba. Garuruwan nan biyu suna shan wannan ruwan sosai, ka fito da safe ka tarar da ƙofar mota ta manne, matattakalar gida ba ta takuwa.

BaDamagare_Montreal:
To madalla, na ƙaru. Mu dai nan da zarar Nuwamba ta shiga ba ka samun layi a gareji sai ka yi rijista tun da wuri.

Baban_Nana_Ottawa:
Na gode ƙwarai. Maganar ko zan sa tayar hunturu ta wuce, zan sa. Malam Bakanike, in na sauko daga inci 21 zuwa ƙasa, ba zai rikita agogon gudu da kwamfutar motar ba? Wannan ne ke ba ni tsoro.

Injiniya_Edmonton:
Ba zai rikita ba muddin tsayin ƙafar gaba ɗaya bai sauya ba. Lissafin ba wuya. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin, ta uku wili a inci. Taka ta gaba, 275/40R21: kashi 40 na 275 ya ba da milimita 110, sama da ƙasa 220, a haɗa da wilin da yake 533, ka samu 753. Ɗauki 275/45R20: gefe kusan 124, jimla wajen 755. Ɗauki 265/50R19: gefe 132 da rabi, jimla kusan 748. Ka ga duka bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma girman nan biyu kamfanin da kansa yana fitar da motar da su. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, da littafin motar.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne gefen tayar: 110 da 132. Wannan ƙarin robar ita ce ke tsakanin wilinka da ramukan da ke buɗewa a titi cikin Maris. Ni 19 zan ce.

Bakanike_Calgary:
Injiniya, lissafinka ya fita, amma kafin ya biya kuɗin inci 19 sai ya duba birkinsa. Wasu X5 suna zuwa da babban birki na M Sport, kalifar shuɗiya ce ko ja, wato ƙarfen da ke damƙe faifan birki. Ba kowane wili 19 ne ke wuce ta ba, wani yana wucewa a zagaye amma hannayensa su gogi fuskarta. Ni ba na sayar wa kowa wili sai na ɗaura ɗaya a ƙafar gaba babu taya, na juya da hannu na ga akwai tazara. Baban Nana, leƙa ta tsakanin wilin ka gaya mana launin.

Baban_Nana_Ottawa:
Na duba yanzu, shuɗiya ce, da harafin M a jiki.

Bakanike_Calgary:
To ni a nan 20 zan ba ka shawara, 275/45R20 duka huɗu, hankalinka kwance. In ka nace sai 19, a gwada a gabanka. Kuma ka manta da baƙin wilin ƙarfe irin na Corolla, da wuya ka samu wanda zai shiga wannan motar, na alminiyam za ka nema. Ka duba lambar nauyi ma: tayar ta kasance mai XL, alamar ɗaukar ƙarin nauyi, lambar a girman nan yawanci 110 ce, wato kowace tana ɗaukar kilo 1,060. Shi ma wilin yana da nasa iyakar nauyi a rubuce a bayansa. Motar ta haura tan biyu tun kafin kowa ya shiga.

Injiniya_Edmonton:
Ban ƙi ba. Amma in 19 ya shiga, ya fi araha a taya kuma ya fi jure rami. A gwada dai.

Maman_Ilham_Mississauga:
Ku yi haƙuri in katse ku da maganar kuɗi. Baban Nana, in an ɗaura maka, ka kira kamfanin inshorarka. Tun Janairun 2016 dokar Ontario ta ce dole su yi rangwame ga mai tayar hunturu huɗu. Ba yawa ba ne, amma duk shekara ne. Ka ajiye rasit, kuma ka tambaye su ranar da suke so a ce an ɗaura da ranar da aka yarda a cire, don kowane kamfani da nasa sharaɗin.

Hajiya_Winnipeg:
Mu kuma a Manitoba, MPI, wato kamfanin inshorar mota na gwamnatin lardin, na ba da rance don tayar hunturu, a biya a hankali. Sai dai da ruwa a kai, shi ya sa ni ban karɓa ba, na tara kuɗina na saya. Kowa dai ya san abin da zai iya.

Dan_Fagge_Regina:
Ni sensar ce ban ga dalilinta ba. Kanada ba ta wajabta ta ba, Amurka ce ta sa doka tun 2007, mu kawai motocin ne ke zuwa da ita. A motata hunturu ba na sawa. Fitilar ta kunnu a das, na san dalili, ina da gejina a aljihun mota ina aunawa duk Juma'a. Iyayenmu da suka yi Kano zuwa Legas a 504 wace sensa suka sani?

Bakanike_Calgary:
Dan Fagge, a wata motar sai in ce ra'ayinka ne. A wannan a'a. X5 yawanci tana zuwa da tayar da ake iya tafiya da ita ko ta sace, gefenta mai ƙarfi ne, kuma galibi babu safaya a but. Irin wannan tayar ko iskarta ta fita gaba ɗaya, da ido ba za ka gane ba, tana nan tsaye. An yarda ka yi kusan kilomita 80 da ita, kada ka wuce gudun 80. To in babu sensa, wa zai gaya wa Maman Nana cewa lissafin kilomita 80 ɗin ya fara? Tana iya hawa babban titin 417 tana gudun 100 da yara a baya bisa tayar da ba ta da iska. Bayan haka, fitilar da ke kunne wata biyar tana koya wa ido ya daina kallon das, ranar da wata fitilar ta gaske ta kunnu ba za a kula ba.

Sauƙin da BMW ke da shi, ita da kanta take gane sabuwar sensa. Ka shiga allon motar wurin saitin taya, ka zaɓi ta hunturu da girmanta, ka danna a sake aunawa, ka yi tafiyar 'yan mintoci, lambobin su fito. Abin da za a kiyaye shi ne zangon da sensar ke magana da motar. Akwai 315 MHz akwai 433 MHz, taka 433 ce. Wanda ya sayo 315 a intanet don ya ga araha, motar ba za ta taɓa jin ta ba, kuma sai an sake kwance taya kafin a cire.

Dan_Fagge_Regina:
Wannan hujjar ta tayar da ba ta nuna ta sace na karɓe ta. Amma in ya sa taya ta gama-gari da hunturu fa? Ai ka ga mun koma maganata.

Bakanike_Calgary:
Sai ya koma neman safaya da jak, ko famfo da ruwan liƙe huda. Kuma ko a nan ni zan sa sensar.

Ummu_Khalil_Saskatoon:
Ni Lexus RX 350 nake da ita, ta 2016, kuma lamarinmu daban ne da na BMW. Tamu ba ta gane sabuwar sensa da kanta, sai an jona na'ura a ƙasan sitiyari an shigar da lambobin huɗu. Da farko duk sauyin taya sai na biya wannan aikin. Daga baya wani mai gareji ya sa min irin sensar da ake rubuta wa lamba, Autel ce, ya kwafi lambobin na bazara ya zuba a na hunturu. Yanzu motar ba ta ma san an sauya ƙafa ba. Abu ɗaya da ya ja min kunne a kai: kada in jingine tayoyin da na cire dab da inda nake ajiye motar, don lamba ɗaya daga wuri biyu na iya ruɗa ta. Na faɗa ne don masu Toyota da Lexus da ke karantawa, na san muna da yawa a nan.

Sarkin_Yaki_Laval:
Ni kuma Audi Q5 ce, ba ta da sensa a cikin taya sam. Da na'urar birki take ƙirga juyawar kowace ƙafa, wadda iskarta ta ragu takan ɗan fi sauran saurin juyi. Volkswagen da Honda da yawa haka suke. Saboda haka kowa ya bincika irin tasa kafin a sayar masa da abin da ba ya buƙata.

Injiniya_Edmonton:
Tunda an zo kan iska, ga abin da ke tayar wa sababbin zuwa hankali duk shekara. Iskar taya, da ake aunawa da psi, tana raguwa kusan psi 1 a duk digiri 5 ko 6 da sanyi ya ƙaru. Wanda motarsa ke kwana a garejin ƙarƙashin bene mai ɗumin digiri 10, ya daidaita iska a can, ya fito waje ana 20 ƙasa da sifiri, ya rasa wajen psi 5 ba tare da huda ba. Sai fitila ta kunnu a ɗauka sensa ta lalace, alhali gaskiya ta faɗa. A auna a waje da safe kafin a yi tafiya, ko a ƙara kaɗan in a ciki aka auna. Kuma lambar da za a bi ita ce ta ƙofar direba, ta jikin taya iyaka ce ba umarni ba. Masu biyan kuɗin naitirojin kuma, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 naitirojin ce.

Baban_Nana_Ottawa:
Allah ya saka. To ga wata. Na ga wani a Kijiji, shafin saye da sayarwa na intanet, yana sayar da wili na asali na X5, inci 20, da taya da sensa a kai, rabin kuɗi. Ya ce daga motarsa ta 2017 ya cire. In je in ɗauko?

Bakanike_Calgary:
Kada ka je. Ba zai shiga ba ko kaɗan. X5 ta 2014 zuwa 2018 ramukan notinta 5x120 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, daga 2019 aka koma 5x112. Sunan mota ɗaya, ƙafa daban. Abin da za ka nema: 5x112, ramin tsakiya milimita 66.6. Za ka ga wilin Mercedes ma lambobinsa ke nan, amma mazaunin notinsa zagaye ne, na BMW kuma mai tsini ne, ga zurfin zaman wilin da ya bambanta. Noti in bai zauna daidai a mazauninsa ba, kwancewa yake yi a hanya. In wilin kasuwa ka saya mai faɗin rami, a sa masa zoben da ke cike tsakiyar, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a babban titi. A ɗaure noti da sandar awo a kan 140 Nm, ba da bindigar iska kawai ba, kuma ka koma a sake dubawa bayan kilomita 100.

Wani abin game da na hannu: batirin sensa a rufe yake, ba a sauya shi, yana yin shekara 5 zuwa 10. Ta 2017 ta kusa gama kwananta.

Alhaji_Kofar_Ruwa:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ina Kano, yarona ne ya sa ni a wannan zaure, ina karantawa ina ƙaruwa. Tambarin dutse mai kai uku da Malam Bakanike ya faɗa, wallahi muna ganinsa a tayoyin Kwatano da ake kawowa nan kasuwa. Mutane har sun fi son su don zanen yana da zurfi kuma robar da laushi. Ashe na ƙanƙara ne? To mene ne hukuncinsu a zafinmu?

Bakanike_Calgary:
Ranka ya daɗe, Baba Alhaji, su ne. Waɗanda aka gama yayinsu a Turai da nan ne ake lodawa a kwantena. Laushin da ake yabo shi ne matsalar: roba ce da aka yi don ƙasa da digiri 7, aka ɗora ta a kwaltar Afrilu tsakanin Kano da Zariya. Tana saurin cinyewa, tana ɗaukar zafi, birki yana ƙara tsawo, mota tana lilo a kwana. Sannan a duba shekarunta. A gefe akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. In ka ga 3518, mako na 35 ne na 2018. Taya na iya zama da zane cikakke amma ta tsufa ta fara tsattsagewa.

Alhaji_Kofar_Ruwa:
Allah ya yi albarka. Zan nuna wa direbobinmu masu zuwa Abuja. Ku ci gaba da maganarku.

Maman_Ilham_Mississauga:
Amin Baba. Wannan lambar ta DOT ta shafi Baban Nana ma in zai sayi ta hannu. Kuma ya tafi da abin auna zurfin zane. Dokar Ontario ta tsaya a milimita 1.5, amma hukumar sufuri ta Kanada ta ce tayar da ta kusa milimita 4 kada a shiga dusar ƙanƙara da ita. Ta hannu mai milimita 6 hunturu ɗaya ko biyu za ta yi maka, araha ba ta ado.

Bazazzagi_Munich:
Gaisuwa daga Jamus. Mu nan babu ranar da aka yanke, dokar ta ce in akwai ƙanƙara ko dusarta a titi dole ka kasance da tayar hunturu, kuma tun Oktoban 2024 sai mai tambarin dutsen ake karɓa. Mutane na bin al'adar daga Oktoba zuwa Ista. Abin da na ga ba ku taɓo ba: tayar hunturu iri biyu ce. Akwai irin tamu ta tsakiyar Turai, kamar Pirelli Scorpion Winter da Michelin Pilot Alpin 5 SUV, an yi su don titi mai jiƙa da sanyi matsakaici da gudu. Akwai kuma irin ta ƙasashen arewa, Nokian Hakkapeliitta R5 SUV, Bridgestone Blizzak DM-V2, Michelin X-Ice Snow SUV, Continental VikingContact 7, masu laushi sosai don ƙanƙara. Mai X5 da ya saba jin motarsa a tsaye a kwana, in ya sa ta biyun zai ji sitiyari ya yi laushi. Ni ta farkon zan zaɓa, kuma a cikinsu ne aka fi samun masu tafiya ko sun sace, har da masu alamar tauraro da BMW ta amince da su.

Malam_Gatineau:
Bazazzagi, sanyin Munich ba na Ottawa ba ne. Nan ana yin makonni ana 20 ƙasa da sifiri, har mashigin ruwan Rideau ke daskarewa mutane su yi ta zamiya a kai. Titunan unguwa, inda makarantar yara take, su ne na ƙarshe da motar shara ke bi. Wa ke maganar jin daɗin kwana a nan? Maman Nana tsayawa take buƙata a bakin alamar tsayawa da gudun 40. Ta ƙasashen arewa ita ce tamu.

Bazazzagi_Munich:
Na ji. Amma in shi ma yana hawa babban titin 401 zuwa Toronto a kai a kai, yawancin kwanaki titin a share yake, jiƙa ce kawai da gishiri. A nan irin tamu ta fi tsayawa. Ya auna wace tafiya ta fi yawa.

Arewa_ThunderBay:
Duk kun bar ta gaske. Mai ƙusoshi, Hakkapeliitta 10. A kan ƙanƙara tsantsa babu robar da ke kamo ta. Mutanen Finland da suka fara yin tayar hunturu tun 1934 ai sun san abin da suke yi.

Maman_Ilham_Mississauga:
Kai an yarda maka don kana arewacin Ontario. Wanda adireshinsa ke Ottawa ko Toronto doka ba ta ba shi damar sa mai ƙusoshi ba.

BaDamagare_Montreal:
Mu an yarda mana daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, amma wasu garejin ƙarƙashin bene ba sa barin ka shiga da ita don tana cin siminti. Ga ƙara kuma a busasshen titi.

Zango_Toronto:
Kun ga abin da nake faɗa, abu ya zama karatu. Ni dai har yanzu ina kan CrossClimate ga mutanen garinmu. Amma Baban Nana, bi maganar mutanen yankinka.

Hajiya_Winnipeg:
Ƙarin abu ɗaya daga mai wanke mota da kanta. Ku zaɓi wili mai fenti lafiyayye, mai hannaye kaɗan masu faɗin tsakani. Mai sheƙi da aka goge fuskarsa gishiri na shiga ƙarƙashin rufinsa ya yi fari-fari. Mai hannaye da yawa kuma dusar ƙanƙara na cushewa a ciki ta daskare da dare, da safe ka hau titi motar na karkarwa kamar ƙafa za ta fita. In haka ta faru a tsaya a fasa ƙanƙarar da ke cikin wilin kafin a ce balansi ne. Murfin bawul kuma a sa na roba, na ƙarfe yana mannewa da bakin sensa saboda gishiri, garin kwancewa a karya ta.

Baban_Nana_Ottawa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na fasa na Kijiji. Inda na tsaya: inci 20, 275/45R20 duka huɗu, wili 5x112, sabuwar sensa 433. Abin da ya rage shi ne irin tayar. Zuciyata ta fi karkata ga maganar Malam na Gatineau saboda titin unguwarmu, amma shagon da na kira sun ce irin ta arewa da suke da ita a wannan girman ba mai tafiya in ta sace ba ce, kuma na ɗaga shimfiɗar but babu safaya. Uwargida ta ce ita ba ta son ta tsaya a gefen titi da yara cikin sanyi tana jiran motar ja.

Bakanike_Calgary:
Tana da gaskiya, kuma shi ya sa ba zan yanke maka ba. Akwai ƙaramar safaya da ake sayarwa ta wannan motar, da jak da abin kwance noti, sai dai ka auna wurin da za ta zauna, musamman in taka mai kujeru layi uku ce. Ni da motata ce zan ɗauki ta arewa in sa safaya da ƙaramin famfo mai jona wa mota, don huda a hankali ta fi fashewa yawa, kuma sensa za ta nuna tun iskar na sauka.

Malam_Gatineau:
Ni ma haka. Amma ka tambayi wani shagon kafin ka yanke, kaya suna bambanta.

Bazazzagi_Munich:
Ni ina nan kan bakata, mai tauraro mai tafiya ko ta sace. Matar da ke da yara biyu a baya ba za ta ɗaga jif da jak a kan ƙanƙara ba.

Ummu_Khalil_Saskatoon:
Ko wacce ka zaɓa, ka karɓi rana a gareji yau, kada ka jira dusar farko. Kuma ina za ka ajiye na inci 21 ɗin? Nauyi gare su. In a gida ne, a wanke su, a rubuta wa kowace gurbinta da alli, a kwantar da su ɗaya kan ɗaya nesa da injin ɗumama gida. Akwai wanda ya san nawa shaguna ke karɓa na ajiya a Ottawa bana?